Tambaya kan hannaye huɗu na gunkin Nataraja

Ɗalibar tarihi:
Assalamu alaikum. A darasinmu na tarihin zane-zane an nuna mana hoton gunkin tagulla na Shiba, ɗaya daga cikin manyan abubuwan bautar mabiya addinin Hindu, yana rawa cikin da'irar wuta, wanda ake kira Nataraja, aka ce aikin daular Cola ne ta kudancin Indiya. Ina roƙon malamai su yi mini bayani: shin yawan hannayen nan ado ne kawai, ko kuwa kowannensu yana ɗauke da ma'ana a wurin mabiya addinin Hindu?

Malamin makaranta:
Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Babu hannun da aka sa don ado. Na dama na sama yana riƙe da ƙaramar ganga mai siririn ƙugu, wadda duk wanda ya san kalangu zai gane siffarta nan take, kuma a aƙidarsu sautinta ne mafarin halitta. Na hagu na sama yana ɗauke da harshen wuta, alamar rushewar duniya. Na dama na ƙasa a buɗe yake, tafinsa na fuskantar mai kallo, ma'anarsa kada a ji tsoro, yayin da na hagu na ƙasa ya gitta ƙirji yana nuna ƙafar da aka ɗaga, wadda suke ɗauka a matsayin mafakar mai neman kuɓuta. Ɗaya ƙafar kuwa tana kan wani wada mai suna Apasmara, wanda ke wakiltar jahilci.

Mai sha'awar ƙira:
Na gode, Malam. Abin da zan ƙara shi ne, an zuba waɗannan gumaka ne ta hanyar siffanta su da kakin zuma, a lulluɓe da yumɓu, a narkar da kakin, sannan a kwarara tagulla a gurbinsa, dabarar da maƙeran Ife da Benin ma suka ƙware a kanta. Har yau ana wannan aiki a garin Swamimalai na jihar Tamil Nadu. Ki duba gindin gunkin da kyau, sau da yawa za ki ga ramuka ko zobba, domin an yi shi ne don a ɗauka a zagaya gari ranar biki. Tsadarsu ta jawo sata daga wuraren bauta, har ma a 2014 Ostareliya ta mayar wa Indiya wani Nataraja da aka sace daga ƙauyen Sripuranthan.

Ɗalibar tarihi:
Na gode ƙwarai. Na sake duba hoton, kuma lallai akwai ramuka biyu a gindinsa.