Muhawara: masu zanen duwatsun Azbin sun ga dinozor da idonsu?

Mai zanen bango: Salamu alaikum 'yan uwa. Ana shirin zana bangon wata lakkwal a nan Damagaram, an ce a sa maharbi da dinozor wuri guda, wai dabbobin nan masu dogon wuya da ke jikin duwatsun Azbin su ne. Ni ma na karkata can.

Malamin kimiyya: A'a ƙanena, raƙumin dawa ne. Dubi na Dabous, arewa da Agadas: tsayinsa ya haura mita 5, ga dabbare-dabbaren fata, ga ƙahoni biyu, ga kofato. Dinozor mai dogon wuya ba shi da kofato. Shekarun zanen dubbai ne, su kuwa dinozor sun ƙare shekara miliyan 66 da suka wuce.

Mai zanen bango: To Malam, ina Buzaye suka samo labarin Jobar, ƙatuwar dabbar nan ta tatsuniyarsu?

Ɗalibar ilimin duwatsu: Ƙashi suke gani, Yaya. A kewayen Ingal iska na tone shi a fili. Paul Sereno, masanin ƙasusuwan dinozor, shi ne ya ari sunan a 1999 ya raɗa wa wani dinozor da aka tono a can Jobaria.

Dattijon zaure: 'Yata, wa ya ƙirga miliyoyin nan? Ba karbon 14 ba ne, sinadarin nan na auna shekaru, da ake cewa yana kuskure?

Ɗalibar ilimin duwatsu: Baba, karbon 14 ba ya aiki nan sam. Rabinsa na lalacewa duk shekara 5,730, bayan kamar 50,000 babu abin aunawa. Ana auna yuraniyom ko argon a tokar aman wuta, in babu tokar sai a kwatanta da shimfiɗun dutse na wasu wurare. A nan kuskure ke shiga: Jobaria da fari an ba shi wajen miliyan 135, daga baya aka mayar da shi sama da 160. Amma gyaran ƙara nisa ya yi, bai matso kusa da mutum ba.

Malamin kimiyya: Ga shawara. Bangon ya zama mita 11, kowace mita shekara miliyan 10. Farkonsa shekara miliyan 110 baya, zamanin dinozor ɗin da aka tono a Gadufawa: Ouranosaurus irin na gidan tarihi na Boubou Hama a Yamai, da Nigersaurus mai haƙora sama da 500, bakinsa shimfiɗe kamar tsintsiya. A mita 4.4 daga farko dinozor su ƙare. Mutum, shekara 300,000, santimita 3 na ƙarshe ne rabonsa. Dabous bai cika milimita ɗaya ba.

Mai zanen bango: Santimita 3? Ko kan maharbin ba zai shiga ba!

Dattijon zaure: Sai ka zana shi a jikin ƙofa.