Alƙali ya fitar da zomanyata daga gasa saboda ƙiba, ina neman shawara

Ɗan Tudun Wada:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman wanda ya taɓa kai zomo gasa, musamman a nan Amurka, ya taimaka mini da shawara.

A Zariya na tashi, kuma tun ina firamare nake kiwon zomaye a bayan ɗakin mahaifiyarmu. Dusa da harawa da ganyen dankali su ne abincinsu. Abin da na taso da shi kuwa shi ne, zomon kirki shi ne wanda za ka ɗaga ka ji nauyinsa har kafaɗa. Yanzu shekarata 9 a jihar Ohayo, a gefen birnin Kolombus. Bara da Allah ya hore mana gida mai ɗan fili sai na sayi mata biyu da namiji ɗaya, farare masu jan ido, irin da ake kira Niyuzilan. Ɗaya daga cikin matan ta haihu sau biyu. Ɗayar, wadda ta fi kowa girma da kyau a idona, sau biyu ina kai ta wurin namiji ba ta ɗauka ba.

Ranar Asabar da ta wuce na je gasa karo na farko a rayuwata. Muna idar da sallar asuba muka kama hanya ni da ɗana mai shekara 9. Mun ɗauki babbar macen nan, da wani ɗan namiji mai wata biyar wanda aka haifa a gidana. Dala 4 na biya wa kowanne. Dukansu suna da lamba ta tawada a kunnen hagu, don an faɗa mini ba a karɓar zomo a teburin alƙali sai da ita.

Da aka kira manyan mata, yarona ne ya ɗauke ta da kansa ya sa ta a ɗan akurkin da ke gaban alƙali. Kwana uku yana taje mata gashi. Alƙalin ya kwantar da ita rigingine, ya duba haƙora, ya duba farata ɗaya bayan ɗaya, ya duba wutsiya. Da ya miƙar da ita sai ya ɗan jinjina ta, ya ce a miƙo masa sikeli. Laba 12 da oza 10. Ya ce ta wuce ƙa'ida, ya gaya wa mai rubutu ya rubuta, aka mayar mana da ita. Duka bai kai minti biyu ba. Yaron bai ce uffan ba har muka koma mazauninmu, sannan ya tambaye ni ko laifi muka yi. Wallahi wannan tambayar ta fi fitarwar ciwo a wurina, domin ni ne nake ƙara mata masara da gutsuren burodi kullum da yamma, ina ganin gata nake yi mata.

Ƙaramin ya zo na huɗu cikin bakwai. A katinsa an rubuta cewa gashinsa yana da kyau, namansa a tsuke yake, amma kafaɗarsa ta yi tsawo kuma ta yi ƙasa, cinyoyinsa sun tsuke daga ƙasa. Na karanta ya fi sau goma ban gane abin da alƙalin ya gani ba. Ni dai zomo nake gani lafiyayye.

Kafin mu tafi wani dattijo da ya ci na ɗaya ya yi mini tayin wata macensa a kan dala 120, ya ce da takardar asalinta. To ga tambayoyina. Wadda aka fitar ɗin shi ke nan ta fita har abada? Sai na yi wa zomayena rajista kafin su ci wani abu? Kuma in sayi ta dattijon nan in sake sabon zubi, ko in ci gaba da nawa?

Maman 'Yanbiyu:

Wa alaikumus salam Malam. Sannu, ka kuma gaishe mini da yaron. Mu muna Indiyana, shekara shida ke nan 'yata tana kai zomaye gasa ta hanyar ƙungiyar yara ta 4-H, ni kuma ina biye da ita da akurki da tsumma, har na koyi abin.

Ka kwantar da hankalinka, fitarwar ta ranar ce kawai. Duk ranar da ta dawo laba 12 ko ƙasa da haka za ta hau tebur kamar ba a taɓa fitar da ita ba. Ƙa'idar babbar mace a wannan irin daga laba 10 ne zuwa 12, babban namiji kuma 9 zuwa 11. Na gida da ke karantawa, laba 12 ya ɗan gaza kilo biyar da rabi. Abin da ba ya gyaruwa daban yake: haƙoran ƙasa su hau kan na sama, ko farce ya cire gaba ɗaya bai sake fitowa ba, ko wutsiya ta karkace. Irin waɗannan in ka gani kada ka ɓata kuɗin shiga.

Sai dai don Allah kada ka yi mata horon yunwa. Cikin zomo ba ya son zama babu komai, in ya tsaya da aiki kana iya rasa ta cikin kwana biyu. Ka janye masara da burodi tun yau. Ka auna mata abincin kamfani sau ɗaya a rana, kamar giram 150, ka bar mata busasshiyar ciyawa da ruwa ko da yaushe, ka riƙa ɗora ta a sikeli duk mako. Oza 10 a hankali za ta sauka. Kuma ina kyautata zaton kitsen nan ne ya hana ta ɗaukar ciki, don mace in ta tara kitse a ciki da wuya ta ɗauka. Mun gani a gidanmu.

Maganar rajista, ba a bukatarta kafin shiga gasa. Takardar asali ma ba a tambaya a tebur, alƙali zomon da ke gabansa yake dubawa. Inda rajista take shigowa shi ne in kana son a ba zomonka matsayin babban zakara a wurin ARBA, wato ƙungiyar masu kiwon zomaye ta Amurka. Duk lokacin da zomo ya zo na ɗaya a rukunin da ke da aƙalla zomaye biyar na mutum uku, ana ba shi wata takarda da suke kira "ƙafa". Sai ya tara uku a hannun alƙalai aƙalla biyu, kuma yana da rajista. Ita rajistar sai kana ɗan ƙungiya, zomon ya kai wata shida, kana da sunayen iyaye da kakanninsa hawa uku. Wannan duk na gaba ne, kada ya hana ka barci yanzu.

Abin da na fi so ka mayar da hankali a kai shi ne katin ƙaramin nan. Na huɗu cikin bakwai, ga wanda aka haifa a gidanka, a fitarka ta farko, ai abin barka ne. Ga yadda za ka ga abin da alƙalin ya gani. Shimfiɗa ɗan kafet a kan tebur, ka zaunar da shi, ƙafafun gaba daidai ƙarƙashin idanunsa, yatsun ƙafafun baya daidai gaban cinya. Kada ka cusa shi ya dunƙule, kada ka bar shi ya miƙe. Sai ka durƙusa ka kalle shi ta gefe. Bayan da ake so yana fara tashi ne tun daga gindin kunne, ya yi ta hawa har saman ƙugu, sannan ya gangaro a zagaye zuwa wutsiya. In ka ga wani fili a kwance bayan kunne kafin tashin ya fara, shi ne kafaɗar da aka ce ta yi tsawo ta yi ƙasa. Daga nan ka zagaya bayansa ka shafo cinyoyin da hannu biyu daga sama har tebur. In hannayenka suna matsowa kusa da juna a ƙasa maimakon su sauka a cike, tsukewar ke nan. Irin nan na nama ne, shi ya sa cinya da gadon baya suka fi komai maki a jikinsa.

Ka sayi littafin ƙa'idoji na ARBA, duk shekara biyar ake sabunta shi, kuma bai kai kuɗin macen dattijon nan ba ko kusa. Ita kuwa ni a ganina ka dakata. Yau in an sa maka ita da wata ta dala 30 a tebur ɗaya ba za ka iya bambance su ba tukuna, to me za ka saya? Ka je gasa uku ko huɗu, ka tsaya kusa da tebur kana sauraron abin da alƙali yake faɗa a kan zomayen wasu. Abu ɗaya dai, kada ka nuna masa wanne ne naka, suna ƙin wannan sosai. In an gama kana iya roƙonsa ya ɗora hannunka a kan wanda ya ci. Yawancinsu ba sa ƙi in sun samu sarari.

Mai Zomaye Samaru:

Yaya, gaisuwa daga gida. Ni abin ya ɗaure mini kai, a ce an kori zomo don ya yi nauyi! Nan da ka kawo ta da tuni an yi mata kuɗi mai kyau. Amma maganar Hajiya kan kitse gaskiya ce, duk macen da na shagwaɓa da dusar masara ita ce take daina haihuwa.

Abin da ya burge ni a labarinku shi ne lambar kunne da rubuta asali. Mu nan kowa cewa yake nasa tsantsar Niyuzilan ne ko Cincila, ba takarda ba shaida, sai ka saya ka ga 'ya'yan sun fito dabbare-dabbare. Ko masu zuwa cibiyar binciken kiwon dabbobi ta Shika, kusa da Zariya, neman iri mai kyau, bayan shekara biyu sun cakuɗa shi da na kasuwa. Ni damuwata zafi ne, daga Maris zuwa Mayu mazan ba sa iya komai. Don Allah in ka samu dama ka ɗauko mini hoton ƙarfen da ake buga lambar da shi, in ga ko maƙera za su iya.

Likitan Dabbobi, Ingila:

Malam, Hajiya ta gama magana kan gasa, ni ta ɓangaren aikina zan ƙara. Ba ka faɗi inda ka ajiye biyun nan da kuka dawo ba. In cikin sauran ka mayar da su, ka raba su yau, ka killace su wata guda, kuma su ne na ƙarshe da za ka riƙa ba abinci. Zomaye ɗaruruwa daga gidaje daban-daban sun bi ta tebur ɗaya da hannu ɗaya. Ka riƙa duba hancinsu ko akwai farar majina, da cikin ƙafafun gaba ko gashin ya manne saboda goge hanci, da cikin kunne ko akwai kirci.

Wadda ta fi ba ni tsoro ita ce cutar zubar jini ta zomaye, RHDV2. An same ta a zomayen gida a jiharku ta Ohayo a 2018, sannan a 2020 ta bazu a kudu maso yammacin Amurka har cikin na daji. Ba ta kama mutum, amma takalmi da tufafi da akurki duk suna ɗauko ta, kuma sau da yawa sai dai a wayi gari a tarar da gawa. Akwai allurar rigakafi a can, sau biyu ake yi, kwana 21 tsakani. Ka nemi likitan da ke duba zomaye kafin fita ta gaba.

Ɗan'uwa na Samaru, mu nan Ingila zobe ake zura wa zomon gasa a ƙafar baya tun yana ƙarami, mai ɗauke da lamba da shekara. In ya girma ba ya cirewa.

Ɗan Tudun Wada:

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Likita, ka kama ni, cikin sauran na mayar da su tun ranar. Jiya da dare na kwashe su zuwa gareji, na wanke akurkin tafiya da takalman da muka sa. Na kira asibitin dabbobi uku kafin na samu mai allurar, sun ba ni ranar Alhamis.

Hajiya, na yi abin da kika ce ni da yaron bayan la'asar. Da na durƙusa ta gefe sai ga filin nan a bayan kunnensa, kamar faɗin yatsu biyu, a fili ƙarara. Wata biyar ina kallon zomon nan ban taɓa ganinsa ba. Sai muka ɗauko ubansa muka zaunar, shi ma haka. Uwar kuwa bayanta tun daga wuya yake tashi. Abin mamaki, babbar da aka fitar ta fi su duka cikar cinya, hannuna bai matso ba ko kaɗan har tebur. Wannan ya sanyaya mini rai ƙwarai, yaron ma ya ce shi ne zai riƙa rubuta nauyinta duk Juma'a a bangon gareji.

Na kira dattijon na ba shi haƙuri, na ce ba yanzu ba. Bai ji haushi ba, har ya ce in ta sauko in kawo ta ya gani, yana da namiji mai gajeriyar kafaɗa. Ban amsa masa ba tukuna, don ban san ko ya dace in kai ta gidan wani ba bayan abin da Likita ya faɗa.

Saura tambaya ɗaya, Hajiya. Gasa ta gaba da nake hari saura mako bakwai, lokacin ƙaramin ya shiga wata na bakwai. A rukunin 'yan wata shida zuwa takwas zan rubuta shi ke nan, ko nauyinsa ne zai nuna? Yau da safe laba 8 da oza 4 ya yi.

Ƙanina na Samaru, hoton ƙarfen yana zuwa, sai na je wurin wanda ya buga mini ranar Lahadi.