Wa ya taɓa fita kallon tsuntsaye kan dutse da hunturu?

Mai tambaya, daga Zariya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Mako mai zuwa in Allah Ya yarda zan je Jos, ina so in yi yini guda a dajin Amurum da ke kusa da Laminga. Na saba kallon tsuntsaye a fadama da bakin dam, amma kan dutse da hunturu ban taɓa ba. Waɗanda suka taɓa, ku ba mu labarin yadda ta kaya muku.

Wani ɗan Bukuru:
Wa alaikumus salam Malam. Ni dai wautar da na yi karon farko ita ce sammako. Ana idar da sallar asuba na hau dutse, wai kada tsuntsaye su riga ni. Hazo ya rufe ko'ina, iska na kaɗawa kamar ana yanka kunne, yatsuna suka sandare har na kasa murɗa madubin hangen nesa. Awa biyu ina zaune, ban da hankaka ba abin da ya gifta. Sai da rana ta ɗumama duwatsu, wajen ƙarfe takwas, sannan wurin ya farka. Kazar dutse ta fara fitowa, su biyar a jere, jela a ɗage. Can ƙasa inda ruwa ya rage a kwazazzabo na ga abin da ya kawo ni: ɗan jan tsuntsun nan na duwatsun Filato, wanda sai 1998 masana suka tabbatar jinsi ne na daban. Bai kai girman babban yatsa biyu ba. Akwai wani tsuntsu da ke zuba ƙwai a sheƙarsa ya bar masa reno, har kukansa yake kwaikwaya, amma shi ban dace da ganinsa ba ranar.

Wani malamin makaranta, daga Gembu:
Ɗan'uwa na Bukuru, sanyin Jos ai wasa ne, ka zo Mambila ka ji. Amma ban yarda a ce kada a yi sammako ba. A dajin Ngel Nyaki da ke nan Mambila, in ka shiga cikin kurmi iska ba ta samunka, kuma da asuba ne suke kuka, da kunne za ka fara gane su kafin ido. A fili kan tudu ne sammako ba ya biya. Raɓa kuwa ta jiƙa min wando har gwiwa, na yini ina rawar ɗari.

Wata 'yar Jos:
Yaya, ka riƙe man kaɗanya da ruwan shayi a fulas. Leɓena ya tsage har jini ranar da muka hau dutsen Shere na kusa da Jos. Kuma kada ka goge ƙurar madubi da bakin riga, haka na karce nawa. Ka duba kan karan gonakin da aka girbe, akwai ƙananan baƙi masu ruwan ƙasa da ke ƙetaro Sahara daga Turai su yi hunturu a nan. Na ga ɗaya da zobe mai launi a ƙafa, masu bincike na cibiyar nazarin tsuntsaye da ke Amurum ɗin suna sa musu don su gane ko sun dawo baɗi.

Wani direba, daga Agadas:
Mu a duwatsun Ayar, wajen Timiya, daren Janairu ruwan buta kansa ba ya taɓuwa. Ban je don tsuntsu ba, kaya na kai. Ina jin ɗumi da safe sai ga wani tsuntsu da ake kira mula-mula, baƙi wuluk da farar hula, ya sauka kan buhu yana kallona. Buzayen da muke tare suka ce alheri ne, kada in kore shi. Na gutsura masa burodi, bai kula ba, ƙwari yake nema.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka. To ɗan Bukuru, in na isa ƙarfe bakwai da rabi ya yi?

Ɗan Bukuru:
Ya yi Malam. Ka zauna gefen da rana ke fara bugawa, bayanka ga iska. Kuma ka sa safa biyu.