Tambaya kan Susannah Cibber: wace doka ta ba miji ikon karɓe kuɗin waƙar matarsa?

Malamar Adabi, Gusau:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Tambayata ga waɗanda suka san tarihin Ingila ne, musamman shari'arsu ta da. Ina koyar da adabi a wata makarantar 'yan mata a nan Gusau, kuma wajen shirya darasi kan wasan kwaikwayo na ci karo da labarin wata mawaƙiya kuma 'yar wasa mai suna Susannah Cibber. An haife ta a Landan a 1714. Mahaifinta mai sana'ar yi wa kujeru da gadaje sutura ne a unguwar Covent Garden, wanta kuwa shi ne Thomas Arne, wanda ya yi suna wajen tsara kiɗa. Ta fara hawa dandali a 1732 tana da shekara 18. A 1734 ta auri Theophilus Cibber, ɗan Colley Cibber, mawaƙin fadar sarkin Ingila na lokacin. Surukin nata ne ya zaunar da ita yana koya mata yadda ake furta magana a gaban jama'a, har a 1736 ta fito a wasan ban tausayi a gidan wasa na Drury Lane, mutanen Landan suka yarda an yi sabuwar gwana.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne mijin. Mutum ne mai almubazzaranci, bashi ya yi masa katutu, sai ya riƙa zuwa yana karɓe albashinta, har tufafinta da kayan adonta ya sayar. Ni kuwa gwaggota a Ƙaura Namoda kiɗan ƙwarya take yi a gidajen biki, da ita na tashi. In ta dawo takan kwance haɓar zane ta zube kuɗin liƙi a kan tabarma, mu yara mu miƙe mata waɗanda suka dunƙule. Da su ta sayi tumaki, da su ta yi wa 'ya'yanta jere. Mijinta in ya matsu sai dai ya ce ta ranta masa, kuma kaka na yi zai auno mata gero ya biya. To ina tambaya: ƙarfi kawai Theophilus ya nuna wa matarsa, ko kuwa dokar ƙasarsu ce ta ba shi wannan iko?

Tsohon Magatakarda, Birnin Kebbi:

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya yi wa gwaggonki albarka. Doka ce, 'yata, ba ƙarfi kaɗai ba. A shari'ar Ingila ta wancan zamani, da zarar an ɗaura aure, miji da mata sun zama mutum ɗaya a idon kotu, mutumin nan ɗaya kuwa shi ne mijin. Abin da ta shigo da shi na kuɗi da kaya, da abin da za ta samu da guminta, duk nasa ne. Ba za ta ƙulla yarjejeniya da sunanta ba, ba za ta kai ƙara ita kaɗai ba. Masu hali sukan kauce wa wannan ta hanyar danƙa dukiyar 'yarsu a hannun amintattu kafin aure, kuma dangin Susannah sun yi irin wannan takarda don tsare albashinta, amma takarda ba ta hana mijin da ya ƙudura ɓarna. Sai a 1870 Majalisar Ingila ta yi dokar da ta ce albashin matar aure nata ne, aka faɗaɗa ta a 1882 ta haɗa da sauran dukiya. Ki lissafa: shekara 104 bayan rasuwar wannan baiwar Allah.

Na yi shekaru ina rubuta ƙararraki a kotu, kuma abin da ya fi ɗaure mini kai a labarinta shi ne shari'ar 1738. Akwai wani attajiri, William Sloper, wanda Theophilus da kansa ya jawo cikin gidansu yana cin kuɗinsa, yana kuma sane da abin da ke gudana tsakaninsa da matar. Da ya ga sun shaƙu, matar na shirin suɓuce masa tare da albashinta, sai ya maka Sloper a kotu yana neman diyyar fam 5,000. Ki lura, ƙarar ba ta matar ba ce, ba a ma ba ta damar buɗe baki ba. Ƙara ce ta mai kaya a kan wanda ya taɓa masa kaya. Shaidu suka zo suka tona hannun mijin a ciki, sai mutanen da ke taya alƙali yanke hukunci suka ba shi fam 10 kacal. A 1739 ya sake kai ƙara yana neman fam 10,000 kan an riƙe masa mata, aka ba shi 500.

A wurinmu kuwa aya ta 32 cikin Suratun Nisa'i ta riga ta yanke magana: maza na da rabo daga abin da suka tsiwirwirta, mata ma na da rabo daga nasu. Kuma mace na iya zuwa gaban alƙali ta nemi khul'i ko a raba auren saboda cutarwa. Susannah ba ta da wannan ƙofa. A Ingila ta lokacin sai da dokar Majalisa ta musamman ake kashe aure, sai a 1857 aka mayar da abin hannun kotu.

Ɗan Mafara:

Malama, Baba, ku yi min haƙuri in sa baki. Wanga labari da kunka kawo, ni ina ganin akwai abin da anka tsallake. Macen ga da aurenta ta zauna da wani namiji har sunka haihu. Zaluncin miji daban, wanga kuma daban. In Malama ta kai shi aji, ɗiyanmu mata mi za su ɗauka? Ina tsoron su ga kamar ana yabon abin da bai kamata ba, tunda dama ana fama da yadda yara ke kallon 'yan fim.

Malamar Adabi, Gusau:

Na gode Baba, ka warware mini abin da ya dame ni. Ɗan'uwa na Mafara, maganarka tana kan hanya, kuma ba zan tsaya gaban ɗalibaina in wanke zaman da ta yi da Sloper ba. Haram haram ne. Amma ba zan ɓoye musu wanda ya buɗe ƙofar ba, domin mijin da aka ba amanar kare ta shi ya tura ta, sannan ya je kotu neman riba a kan abin kunyar. Har sace ta ya yi daga inda take zaune a ƙauye ya kulle ta a Landan, sai da 'yan'uwanta maza suka je suka fito da ita. In na faɗi laifinta na yi shiru a kan nasa, na yi wa yaran ƙarya.

Kuma abin da nake so su gani ya wuce wannan. Bayan shari'ar an buga bayanan shaidu ana sayarwa a titi, sunanta ya zama abin zunɗe, ta ɓace daga dandali kusan shekara 3. A ƙarshen 1741 ta tafi Dablin ta ƙasar Ayilan ta koma aiki. A can ta sake haɗuwa da Handel, Bajamushen nan mai tsara kiɗa da ya zauna a Ingila, wanda ta taɓa yi wa waƙa tun tana budurwa. Ranar 13 ga Afrilu 1742 aka fara gabatar da babban aikinsa mai suna Messiah a wani zaure da ke titin Fishamble, ita ce ɗaya daga cikin masu rera shi. Don zauren ya ɗauki jama'a, an roƙi mata kada su sa siket mai gammo a ciki wanda ke cin wuri, maza kuma su bar takubbansu a gida. Mutum wajen 700 suka shiga. Kuɗin da aka tara an raba shi ga asibitoci biyu da kuma fursunonin da aka tsare saboda bashi. Wannan wuri yana taɓa ni ƙwarai: matar da bashin miji ya jefa cikin masifa, muryarta ce ta taimaka aka buɗe wa masu bashi ƙofar kurkuku.

Waɗanda suka ji ta sun ce muryarta ƙarama ce, ba ta kuma ƙware da karanta rubutun kiɗa ba, Handel kan zauna ya yi ta maimaita mata har ta haddace. Abin da take da shi shi ne iya sa kalma ta shiga zuciya. Mu nan mun san wannan: zabiya nawa ke da murya kamar sarewa amma ba ta sa kowa hawaye, wata kuwa da 'yar shaƙaƙƙiyar murya za ta sa uwar amarya kuka. Daga Dablin ta koma Landan a 1742 da ƙarfinta. Handel ya tsara mata ɓangaren waƙa na musamman a wani aikinsa mai suna Samson a 1743, daga baya ta zama babbar abokiyar wasan shahararren ɗan wasa David Garrick a Drury Lane, tana cikin matan da aka fi biya a dandalin Ingila. Yarinyar da ke ajina, wadda wataƙila wata rana za a ci amanarta, ina so ta san cewa sana'ar da mace ta iya da kyau tana iya ɗaga ta bayan ta faɗi.

Tsohon Magatakarda, Birnin Kebbi:

Malama, ƙara wannan a darasinki. Theophilus ya mutu a 1758, jirgin ruwan da ya ɗauko shi zuwa Dablin ya nutse. Duk da haka ba ta auri Sloper ba, domin shi ma yana da mata, kuma dokar da ta ɗaure ta ita ta ɗaure shi. Da sunan Cibber ta ci gaba da fitowa har ta rasu ranar 30 ga Janairu 1766, aka binne ta a harabar cocin Westminster, inda ake binne manyan ƙasar.

Ɗana na Mafara, shawarata ga Malama ita ce ta kai labarin aji tare da ayar da na ambata, ta kuma tambayi yaran ko a unguwanninsu akwai matan da miji ke karɓe musu kuɗin ƙuli-ƙuli ko na ɗinki ko albashi. Na ga irin waɗannan ƙararraki da idona, kuma yawancin matan da suka zo ba su san shari'a na bayansu ba sai da alƙali ya faɗa musu.