Haraji a jihohin Amurka: abin da ya kamata ka lissafa kafin ka yi ƙaura

Shawarar da masu zama a Amurka suka fi nanatawa ita ce kada a ruɗe ka da cewa jiha ba ta karɓar harajin albashi. Texas, Florida, Nevada da Tennessee duk ba sa karɓa, amma gwamnati ba ta aiki da iska, sai ta nemi kuɗin ta wata ƙofa. A Texas harajin gida ne mai nauyi, kuma ɗan haya ma yana biya, don mai gida cikin kuɗin haya yake cusa shi. A Tennessee kuwa harajin sayayya na jiha kashi 7 ne cikin ɗari, idan an haɗa da na ƙananan hukumomi ya kan haura 9. Oregon ba ta da harajin sayayya sam, amma tana yankar albashi sosai.

Birni ma da nasa. Mazaunin New York yana biyan harajin birni bayan na jiha, haka ma Philadelphia.

Kalifoniya ta yi suna da tsada, mafi girman harajin albashinta kashi 13.3 ne, sai dai masu samun sama da dala miliyan ɗaya a shekara yake shafa. Wata dokar jihar ta 1978 kuma ta taƙaita ƙaruwar harajin gida muddin ba a sayar da gidan ba, shi ya sa wanda ya daɗe da gidansa ke biyan ƙasa da sabon maƙwabcinsa.

Da yawa sun ce ka ɗauki albashinka, darajar gidan da kake nema da abin da kake kashewa a shekara, ka lissafa wa kowane gari daban. Ɗan fansho kuma ya bincika, don Illinois ba ta taɓa kuɗin fansho.