Neman kalma kafin ƙarfe takwas: me za mu kira "tropical depression"?

Ɗan Nima: Salamu alaikum. Yau da ƙarfe takwas na dare ina da shiri a rediyo a nan Akara, Ghana, kan hasashen ruwan sama da ambaliya, wannan kalma kuwa ta tsaya mini a wuya. Ita ce matakin farko: iska ta fara juyi a kan teku mai ɗumi, gudunta bai kai kilomita 63 a awa ba. Sai ta kai 119 take zama babbar guguwa.

Hajiyar Mamobi: Mahaukaciyar guguwa mana, ɗana. Haka muke ji a labarai.

Ɗan Nima: Hajiya, wannan sunan irin su Idai ne, wadda ta ragargaza Beira a Mozambik a 2019. Wannan ba ta haukace ba tukuna. Ba ta cika ɗage kwano ba, ruwa take ta juyewa, in tana jan ƙafa kuwa sai koguna su cika su tumbatsa.

Malamin Aboabo: Guguwa ta rani ce, ƙura da leda take kwasa. Ku ce "uwar hadari". Ita ke tara hadari tana haifar wani bayan wani. Na daɗe ina koya wa ɗalibaina haka.

Direban Alajo: Malam, a bar ta "difireshan" kawai, yara sun san ta.

Malamin Aboabo: Abin da ya kashe Hausar Zango ke nan! Ko lambatu kun manta, sai "gota". A Kano wa zai saurare ku?

Direban Alajo: Da girmanka Malam, Kano ba ta da teku. Kuma rediyo da mota da suke faɗa, daga ina suka samo? Kakanninmu a Sabon Zango da Hausa suka yi fataucin goro, ba su nemi izinin kowa ba.

Hajiyar Mamobi: Ku bar wannan. Daren 3 ga Yuni 2015 kogin Odaw na Akara ya cika, ruwa ya kai mini ƙirji, jikata na kan wuyana, katifa na yawo a tsakar gida. A gidan mai na shataletalen Circle wuta ta haɗu da ruwa, mutum fiye da 150 suka rasu. Kuma ba guguwar teku ba ce, ruwa ne da gota da ta toshe. Ko me za ka kira ta, ka gaya wa mutane awa nawa za a yi ana ruwa, da unguwar da za ta fara nutsewa.

Ɗan Nima: Gaskiya ne Hajiya. Akara ta yi kusa da layin da ya raba duniya biyu (equator), irin wannan juyi ba ya ƙulluwa a nan, zan faɗi haka. Yau zan ce "hadarin teku mai juyi", in ya girma "guguwar teku", na ƙarshe "mahaukaciya".

Malamin Aboabo: Ya yi tsawo. Amma je ka da shi na yau. Mako mai zuwa ka gwada "uwar hadari", ka ji abin da masu kira za su ce.