Hoto cikin rubutun manhaja: a cusa shi da Base64 ko a ajiye shi gefe?

Na Gusau: Jama'a, ina nan kan bakana. Manhajar da za ta kai wa manoman shinkafa darasi mai hotuna, a mayar da hoton Base64, wato a juya shi ya zama jerin haruffa, a cusa shi cikin takardar darasin. A fadama sabis zuwa yake yana ɗaukewa. In takarda ta sauka da hotonta an huta, in kuwa adireshin hoton na intanet kawai aka sa, gurbi fayau zai bar wa manomi.

Ta Birnin Kebbi: Malam, damuwarka gaskiya ce, amma Base64 yana mayar da kowane bayit 3 harafi 4. Nauyi ya ƙaru da kashi ɗaya bisa uku ke nan, kuma datar manomin ce za ta tafi. Sannan ina za ka ajiye? Firestore, rumbun adana bayanai na Google a intanet, ba ya karɓar takardar da ta wuce 1MB. A SQLite na Android, wato rumbun bayanai na cikin waya, CursorWindow, gurbin da ake ɗebo bayanai a ciki, 2MB ne: rubutun zai shiga lafiya lau, sai an zo karantawa manhaja ta faɗi. Mai gwaji da ƙananan hotuna ba zai ga wannan ba sai kaya sun isa hannun mutane.

Na Gusau: To a matse hoton mana, Hajiya.

Na Talata Mafara: Matsewa dole ce ko wace hanya aka bi, Yaya. Hoton kyamara 4000 sau 3000, komai ƙanƙantar fayil ɗinsa, in ya zama Bitmap, wato an buɗe shi don nunawa a allo, 48MB yake ci a ƙwaƙwalwar waya, don kowane ɗigo bayit 4 ne. Biyu ko uku a shafi guda na iya kayar da manhaja a ƙaramar waya. A fara duba girmansa da umarnin inJustDecodeBounds na Android, a rage da umarnin inSampleSize, a daidaita faɗi kamar ɗigo 1080, a juya shi yadda EXIF, bayanin da kyamara ke liƙa wa hoto, ya nuna, in ba haka ba buhun taki ya fito a kwance. Sai a adana shi WebP, nau'in fayil ɗin hoto marar nauyi.

Ta Birnin Kebbi: Madalla. Daga nan hoton ya zauna a fayil ɗinsa cikin ma'ajiyar manhaja, takarda ta riƙe lambarsa da faɗinsa da tsawonsa kawai. WorkManager, mai gudanar da ayyukan bayan fage a Android, ya sauke shi in sabis ya dawo, daga nan ba ruwansa da intanet. Faɗi da tsawon ne ke tanadar masa gurbi, don kada rubutu ya riƙa tsalle a idon mai karatu.

Na Argungu: A kula da ImageSpan, mai sa hoto a cikin rubutu a Android: in ba a kira setBounds, mai tsayar da girman hoton, ba hoton ba zai fito ba, kuma ba wani gargaɗi. Adireshin content:// da Android ke ba hoton da aka zaɓo a waya izininsa na ɗan lokaci ne, a kwafe hoton nan take.

Na Gusau: Saura tura darasi ta Xender. Fayil guda mutanenmu suka saba da shi.

Na Argungu: A ɗaure takarda da hotunan a fayil guda na zip, ranka ya daɗe. Haka docx, fayil ɗin Microsoft Word, yake, rubutu daban, hotuna a jakar word/media.

Na Gusau: Wannan ta karɓu. Amma ƙananan alamomi na 2KB, a bar min su a Base64.